Ruwan da Ke Zuba Bayan Katanga

Ya'u ya gyara mini gida ba tare da ya tambaye ni abin da ya lalace ba. Laifinsa ke nan, kuma ba zan rage masa komai ba don wai da kyakkyawar niyya ya yi. Shi ne ɗana na uku, shi ne kuma ya fi ku duka tausayina, na sani. Amma na gaji da jin kuna faɗa wa matanku da 'ya'yanku cewa Inna ba ta son ci gaba, wai an kawo mata zamani har tsakar gida ta tashi ta yi faɗa da shi. Ban yi faɗa da zamani ba. Fankar da ya sa mini har yau ita ke sa ni barcin rana. Abin da ya faru a shekarar nan daban yake, kuma tunda Yaya Kulu ta riga mu gidan gaskiya, babu sauran wanda zan kunyata in na faɗa.

'Ya'yanku da aka haifa a Sinja ba su san yadda ruwa yake a ƙauyenmu ba. Lokacin da aka ja bututu daga babban tankin gari, a gidanmu ya tsaya, mu ne na ƙarshe a layi. Gidan Malam Bube, mijin Yaya Kulu, yana bayan katangarmu, bututun bai kai can ba. Ruwan kuma kafin ya iso mu ya gaji, sai dai ya riƙa ɗiga, shi ya sa mahaifinku ya sayi ƙaramin mutor mai jan ruwa ya hau da shi cikin sihrij, tankin nan namu na ƙarfe da ke kan ƙafafu huɗu a jikin katangar baya. A can saman sihrij ɗin akwai wani ɗan guntun bututu da maƙeri ya sa don in ya cika ya sami hanyar fita. Bakinsa ya leƙa ta kan katanga, yana zuba a lungu, gindin dogon yaro.

To, mahaifinku da Malam Bube hawasharsu, wato gonar ban ruwa, tana jere, rami ɗaya ke shayar da gonakin biyu. Wata shekarar auduga suka yi rigima a kan ranar wa ce ta buɗe ruwa. Ban san mai gaskiya ba, ban kuma damu ba, don duk su biyun kansu kamar dutse yake. Ba su huce ba sai ga bututu ya zo. Mahaifinku, Allah ya gafarta masa, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ai masu son ruwa yanzu sun san ƙofar da za su buga. Malam Bube ya ji. Nan take ya yi rantsuwar sakin nan da mazanmu suka koya wajen Larabawa, wadda suke yi ko a kan wanda zai biya shayi. Ya ce ranar da matarsa ta roƙi ruwa a gidan nan, ko ta karɓa daga hannun wani na gidan nan, to ba ta ba shi. Maza biyu suka yi maganarsu suka shiga salla. Mace ce ta ɗauki bokiti ta nufi tur'a, babban ramin ban ruwa da ke bayan gari, inda jakuna ke sha, yara ke wanka, tsutsar ciki ke jira.

Ni da Yaya Kulu kuwa tare aka kawo mu unguwar. Ita ta riƙe ni a haihuwar fari. Rantsuwar ba ta hana mu gaisawa ba, ba ta hana ta shigowa barka ko gaisuwar mutuwa ba, sai dai ko an miƙa mata kofin ruwa ta ce ta ƙoshi. Haka muka yi wata da watanni ina kallon ta tana wucewa da kaya a ka.

Wata safiya na kunna mutor na zauna yin kisra, wainar dawar nan tamu mai faɗi, na shagala. Can na tuna, na tashi da gudu zan kashe. Ta wata 'yar tsaga a katanga na hango ta tsaye a lungu, ta tara bokiti a ƙarƙashin ruwan da ke zuba, tana waige-waige kamar ɓarauniya. Hannuna yana kan makunni. Na janye shi, na koma kan kisrata. Washegari na sake mantawa. Jibi ma haka. Shekara goma sha tara ina mantawa kowace safiya, bayan sallar asuba da ɗan lokaci, gwargwadon abin da zai cika jarka biyu da bokiti. Ba ta taɓa ce mini na gode ba, ban taɓa ce mata ga shi ba. Ba ta roƙa ba, ba ta karɓa a hannun kowa ba, ruwa ne ya zuba a hanya ta tara. Aurenta ya zauna lafiya.

Mahaifinku kullum sai ya yi mita.

"Hajo, kin sake barin shi. Wai mi ke damun kanki?"

"Tsufa, Malam."

"Tsufa tun yanzu?"

Amma shi da kansa wata rana ya turo rabin durom daga kasuwa ya ajiye a gindin dogon yaron, daidai inda ruwan ke sauka, ya ce don awakin unguwa. Na ci gaba da aikina. Shi ma bai dube ni ba.

Ga inda nawa laifin yake, don kada ku ce na wanke kaina. Ban taɓa faɗa wa ko ɗaya daga cikinku ba. Na bar ku kuka tashi kuna ce mini mai mantuwa, kuna tsokana ta, ina dariya, don ya fi mini sauƙi a ce ba ni da kai da a ce Kulu tana shan sadaka. Mazan biyu suka mutu shekara ɗaya tsakani, muka ci gaba yadda muka saba.

A shekarar da nake ba ku labari, kafin yaƙi ya watsa rabinku, 'yar'uwarku Saratu ta haihu a Wad Haddad, na tafi riƙe ta har arba'in. Na bar wa matar wanku Hajiya amanar gidan, na ce ta riƙa kunna mutor da safe, kada kuma ta yi saurin kashewa don sihrij ɗin yana son ya cika sosai. Ban sani ba ashe Ya'u jira yake in juya baya. A lokacin yana gyaran fanka da mutor a kasuwar Sinnar, kuma duk abin da mutane suka yar shi yana tsincewa. Ya zo da faranti biyu na sola da wani ya sayar masa sun tsufa, da batir ɗin babbar mota, da buhu guda na wayoyi da ƙananan akwatuna. Kwana uku ya yi a gidan, ya sallami matar wansa ya ce ta huta, yanzu gida zai riƙa kula da kansa.

Ranar da na dawo ya taho tun daga Sinnar don ya ga fuskata. Yana gaba ina biye, yana nuna mini kamar mai gida da baƙuwa.

"Yumma, duba nan. Wutar kahraba ta tafi, ta dawo, ba ruwanki. Wannan fitilar ta ƙofa da magariba ta yi za ta kama da kanta. Wannan ta bayan gida kuma in kin nufo ta sai ta haska."

"In akuya ta nufo ta fa?"

"Ita ma za ta haska mata."

"To madalla. Akuya ta samu."

"Fanka kuma in zafi ya kai, ta tashi. Ga babban aikin." Ya buɗe wani akwati a jikin bango. "Wannan agogo ne. Ƙarfe bakwai zai kunna mutor, ƙarfe takwas ya kashe. A cikin sihrij kuma na sa awwama, wata 'yar ƙwallo mai yawo a kan ruwa. Da ruwa ya kusa baki, ta ɗago, ta yanke wuta, ko takwas ba ta yi ba. Ɗigo ɗaya ba zai ƙara zuba ba. Ina zaune a Sinnar ina gani a wayata ya cika."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana talatin da biyar. Tamam yake, bai taɓa kuskure ba. Mantuwar nan taki ta ƙare, Yumma."

Ban ko cire mayafi ba na fita na zagaya lungu. Durom ya bushe ƙayau, har wata kaza ta yi ƙwai a ciki.

Na sami Yaya Kulu a ƙarƙashin rumfarta, hannun dama an ɗaure shi da karare da tsumma. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya, 'yarta ɗaya tana aure can Damazin. Makwabta suka gaya mini daga baya: kwana uku ta yi tana zuwa lungu tana tsayawa, a na huɗu ta ɗauki jarka ta nufi tur'a. Mako uku tana jigila, sai ranar nan santsin gaɓa ya kwashe ta.

"Yaya Kulu, mi ya samu hannunki?"

"Ƙaddara. Kun dawo lafiya? Ya mai jego?"

"Lafiya lau. Yaya, ni ban san..."

"Ya sunan jaririn?"

Haka ta riƙa yi mini, tambaya a kan tambaya, irin gaisuwar da ake yi wa matar da aka haɗu da ita a mota. Ta ɗauka ni na sa a rufe. Me zai hana ta ɗauka? Na tafi, ɗana ya zo, ruwa ya tsaya.

Na yi wauta ta farko a yammacin nan. Na cika bokiti na kai ƙofarta na ajiye ba sallama. Da safe na same shi a ƙofata cike yadda na kai shi, an rufe da faifai don kada ƙura ta shiga. Da hannun hagu ta jawo shi, ga sawun a ƙasa.

Na ce wa Ya'u ya cire ƙwallonsa. Ya dube ni kamar na ce ya rushe ɗaki.

"Yumma, sau biyu ina sake naɗa wayar mutor ɗin nan saboda barin sa da kike yi. 'Yan lajna, kwamitin ruwa, sun yi mini magana, sun ce gidanmu ke ɓarna. Sauro a lungu. Ki bar shi, wallahi ma fi mushkila, ba wata matsala."

"Gidana ne ko naka?"

"Naki ne. Shi ya sa na gyara."

"To ba ni takardar abin in gani."

Ya yi dariya, ba da mugunta ba, wannan ne ma ya fi ƙona ni.

"Yumma, wannan ba karatun makarantar manya ba ne."

Ina da jikoki huɗu na shiga makarantar nan. Shekara uku ina zama a kan tabarma bayan la'asar, 'yar cikina tana koya mini alif da ba, matan unguwa suna cewa Hajo za ta zama hakima, wai likita. Na yi ne don na gaji da dangwala yatsa a takardun hawasha ban san abin da na yarda da shi ba. Sai ga wanda na yi wa tsarki yana gaya mini iyakar karatuna. Haushi ya sa na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko: na gaya masa. Duka, tun daga ƙofar masallaci. Na ce ya riƙe a cikinsa.

Idanunsa suka kawo ruwa, don yaron kirki ne. Ya ce me ya sa ban faɗa ba tuntuni, ai wannan abu ne mai sauƙi. Na ce ba mai sauƙi ba ne, ya zauna. Na shiga ɗaki in yi alwala, kafin in fito ya ɗauki igiyar awo ya zagaya. Ta kan katanga na ji komai.

"Gwaggo, Yumma ta gaya mini. Ki yafe, ban sani ba. Bututu zan ja miki har nan gindin rumfa, da famfonki na kanki, kyauta. Ba sai kin ƙara fita lungu ba."

Sai muryarta, a hankali.

"Mi ta gaya maka?"

"Cewa ai tun da can ita ke bar miki..."

"Wanga yaro, naɗe igiyarka. Ni ban taɓa shan ruwan gidanku ba. Ka gaya wa uwarka in tana da sadaka ta kai masallaci."

Ya dawo yana huci, wai tsofaffin nan ba a iya musu, ya hau mota ya koma Sinnar ya bar ni da ɓarnar. Abin da muka rufe shekara goma sha tara, ya buɗe shi kafin in gama wanke ƙafa.

Bayan la'asar na tafi da kaina. Ban yi gaisuwa mai tsawo ba, na zauna a bakin gadonta.

"Yaya Kulu, Malam Bube ya mutu. Malam ya mutu. Wa zai sake ki yanzu? Kabari?"

"Ya tafi bai janye ba."

"To sai ki mutu a tur'a don maganar da ya yi cikin fushi a kan ramin auduga?"

"Hajo, shekara arba'in da ɗaya na zauna da mutumin nan. Bai bar mini gona ba, bai bar mini ɗa namiji ba. Maganarsa guda ya bari, na riƙe masa ita yana raye, ba zan yar ba don ba shi nan ya gani." Ta gyara hannun a cinyarta. "Ke kuma da kinka buɗe baki, mi kika so? In zo in durƙusa?"

"Wa ya ce ki durƙusa? Wagga mata, kin fi mijinki taurin kai!"

"Ruwan hanya nika sha. Na kowa ne, akuya ma tana sha."

"To hanyar ta bushe."

"In ta bushe akwai tur'a."

Na tashi na kakkaɓe zani. Wallahi a ranar da na sami mazan nan biyu a gabana da sai na haɗa kawunansu. Ina jin haushinta, ina jin haushin Ya'u, ina jin haushin bakina. Amma a hanyar komawa na gane ta faɗa mini abin da za ta iya karɓa, kuma ba ta da wani. Ba bokiti, ba famfo, ba ban haƙuri. Ruwa ya zuba a lungu, kada kowa ya ce komai.

Ya'u ya bar kwalayen kayansa a ɗakin ajiya. Na zazzage su a tsakar gida tun da sauran hasken rana, na sami 'yar takardar awwama, gefe ɗaya rubutun da ban sani ba, gefe ɗaya Larabci ƙanana kamar ƙwayar riɗi, da zane. Na sa tabarau, na bi da yatsa. Sau huɗu na karanta. Ba wani abin kirki ba ne ashe. Ƙwallon tana rataye ne a jikin waya. In tana lilo kanta ƙasa, mutor ya yi ta aiki. In ruwa ya ɗago ta, ya tsaya. Wanda ya ɗaura ta shi ke zaɓar tsawon wayar, wato shi ke cewa nan ne cika. Na koma wajen agogon na dube shi da kyau. Shi babu ruwansa da ƙwallo, takwas ta yi zai kashe ko me ake ciki. Sihrij ɗinmu kuwa na san shi kamar tukunyata, ba ya kai awa bai cika ba, saura kusan sulusin awa. Jarka biyu da bokiti, har da na awaki. Mutor ba zai ƙone ba, tunda akwai mai kashe shi. Ko ina Wad Haddad, ko ina kwance ba lafiya.

Na san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo. Wayar Ya'u za ta daina ce masa ya cika, zai zo ya ga an taɓa masa aiki, aikin da ya yi kwana uku yana yi don ya faranta mini. Wata huɗu ya yi bai tako gidan ba. 'Yan lajna sun zo har sau biyu, na ce musu abin yaron ne ya lalace, ni tsohuwa me na sani. Ku kuma kuka samu labarin ba wa matanku. Duk na auna wannan a yammacin, na ga zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a zo a ce mini an tsamo Kulu a tur'a.

Da na idar da asuba na jira gari ya yi haske. Na jingina tsanin kaji a jikin ƙafar sihrij, na ɗaure zanina a ƙugu, na yi bisimilla. Gwiwoyina suna ƙara a kowane mataki. Na ture murfin, na zura hannu har kafaɗa cikin sanyin ruwan na kamo wayar, na jawo ta sama har ƙwallon ta wuce bakin ɗan bututun da kamu guda, tana lilo a iska inda ruwa ba zai taɓa kai mata ba. Na yage bakin ɗankwalina na ɗaure ta a ƙarfen murfi, ƙulli uku. Na sauko da baya, a hankali, na mayar da tsani wajen kaji.

Na hura wuta na ɗora jabana, 'yar tukunyar gahawa, na zauna na ba katanga baya. Ƙarfe bakwai mutor ya tashi da kansa. Na soya bun, 'ya'yan gahawar, na daka, na sha kofin farko, na sha na biyu. Ina cikin na uku ruwa ya faɗa cikin durom da ƙara, kazar nan ta tashi tana kururuwa. Ya yi ta dukan ƙarfe, ya yi ta duka, ba kowa. Har na fara cewa a raina shi ke nan, na makara. Can sai na ji ana jan wani abu a ƙasa, a tsaya, a sake ja. Sai ƙarar ta sauya, ta zama ta ruwa mai shiga bakin jarka.

Tsagar tana nan daidai kafaɗata. Ban leƙa ba.